Ranar da Na Ɗaga Motar da Ba a Ce In Ɗaga Ba

Kai, ajiye injin yankan nan tukuna. Na ce ajiye! Sifirin ɗin da kake shirin datsewa bai yi maka laifin komai ba. Ku samarin yanzu, da an kawo muku mota an ce a sauke ta ta kwanta, sai ku yanke zagaye biyu, ku mayar, ku karkaɗe hannu, wai an gama. In an ce a ɗaga, ku cusa roba. Ba mai tsugunawa ya auna, balle ya tambayi mai motar ina za ta, wa za ta ɗauka. To ku matso, ku zauna a kan tayoyin nan, in gaya muku yadda ni Garba na taɓa yin irin wannan garajen, har na kusa hana wani dattijo zuwa asibiti.

A nan Birnin Kudu na koyi aiki, a bakin titin Kano, wajen maigidana Malam Inuwa, Allah ya jiƙansa. Shekara bakwai na yi a hannunsa, biyun farko ban kwance ko noti ɗaya ba, sai wankin sifana da kananzir. Kayan aikinmu kaf akwatin ƙarfe ɗaya ne: sifanu, guduma babba da ƙarama, liba uku, filaya, jak guda mai tsiyayar mai, sai kututturan ƙirya da muke tokare mota da su, don ba mu yarda da jak ɗin ba. Aikin kuwa kusan iri ɗaya ne kullum, ɗaga mota. Zamanin gyaɗa ne. Mai akori-kura zai zo, motar an yi ta don buhu goma, shi yana so ta ɗauki ashirin, fasinja kuma su hau kan buhunan. Sai mu kwance sifirin ɗin baya, irin mai falle-fallen nan, mu ƙara falle biyu, mu ɗaure, ta miƙe tsaye.

Malam Inuwa ba shi da awo sai hannunsa. Zai dunƙule shi ya tura tsakanin taya da madigadi, ƙarfen da ke rufe samanta. In bai shige ba, motar ba ta bar garejinsa ba, ko mai ita zai yi kuka. Yakan ce mota mai jan ciki a ƙasa mara lafiya ce. Akwai kuma wata ƙa'idarsa da muka haddace kamar karatu: makanike na ƙwarai ba ya tsayawa a inda aka nuna masa. An kawo maka birki, ka hango wata cuta a gefe, gyara ta ka yi shiru, mai mota zai ji a jikinsa, gobe ya kawo maka ɗan'uwansa. Da wannan muka ci abinci shekara da shekaru, ba wanda ya taɓa dawowa da ƙorafi.

Shekarar da na buɗe nawa garejin ita ce shekarar fari. Kun ga sa'a! Gyaɗa ta ƙi, dawa ta tsaya a gwiwa ta bushe. Ba kaya, ba lodi, to me zai karya sifirin? Direbobi suka jingine motoci a kan duwatsu don kada tayoyi su lalace. Wata huɗu ina facin keke, ina gyaran injin niƙa. Tsofaffin fallayen da na tara, maƙera na kai wa suna ƙera fartanya, su ba ni tiyar gero. Har na fara tunanin komawa Kangire wajen kawuna in riƙe garma, sai na tuna shi ma garmar ba ta da abin yi a shekarar.

Bayan nan kuɗin fetur ya zubo. Manomi bai gan shi da wuri ba, amma ma'aikatan gwamnati aka ƙara musu albashi har da na baya, kowa ya ruga ya sayi abin hawa. Motocin da ko a kalanda ba mu taɓa gani ba suka fara tsayawa a ƙofar garejina.

Wata Asabar da hantsi, ƙarshen bazara, na ji ƙara kamar ana jan kwano a kan kwalta. Na fito, sai ga wata 'yar mota ja, kujera biyu tal, rufinta na tanti an naɗe shi baya, sitiyari a dama irin na kafin a canza hannu. Saman ƙofarta bai wuce cinyata ba. Cikinta kuwa, wallahi kaza ba ta shiga ƙarƙashinta sai ta durƙusa. Kafin ta tsaya 'yan tasha sun raɗa mata suna Ƙadangaruwa. Wanda ya fito daga ciki Malam Umaru ne, malamin dabbobi, mutumin Sara ta ƙasar Gwaram, dogon Bafulatani mai ƙarancin magana. A Jos ya sayo ta da araha wajen wani Bature mai aikin kuza da zai koma gida, don ba mai so. Wa zai sayi motar da ko akuya ba ta ɗauka?

Ya ce, "Malam Garba, salansa ce ta daki wani tudu ta cire. Ita kaɗai za ka gyara. Zan tafi allurar shanu, sai Laraba."

Na ce, "An gama, ranka ya daɗe." A raina ina cewa, Allah sarki, boko ya ba yaro kuɗi bai ba shi hankali ba.

Salansa kafin azahar na ɗaure ta. Amma na kasa fitowa daga ƙarƙashin motar. Na tokare ta da kututture, na kwanta ina kallo kawai, don ban taɓa ganin irin wannan gini ba. Gaba babu sifirin sam. Wata doguwar sandar ƙarfe ce a kowane gefe, ta taho daga wajen taya ta kwanta a jikin shasi, wato ƙashin bayan motar, ita ke murɗewa tana ɗaukar nauyi. A ƙarshenta akwai wani noti. Na sa sifana na juya, na sauke motar, sai na ga hancinta ya ɗan taso. Ikon Allah! Na sake juyawa baya, ya sauka. Haka na wuni ina ɗagawa ina saukewa, ina dariya ni kaɗai, abincin rana ma ya huce a kwano. Sau nawa na juya, ta ina na fara, ban ƙirga ba, ban sa alama ba. Ku riƙe wannan, don nan ne ɓarnar ta fara.

Baya kuma sifirin mai falle ne irin wanda na sani, sai dai siriri. Tsakanin aksil, sandar da ke haɗa tayoyin baya, da sifirin an cusa wasu tubalan farin ƙarfe guda biyu, su suka janyo jikin motar ƙasa. Na ce, tirƙashi, wane ɗan koyo ne ya yi wa bawan Allah wannan aika-aika? Ko kusa ban kawo a raina cewa mutum mai hankali zai biya kuɗi a kwantar masa da mota da gangan ba. A wajenmu ba a yi. Sai karatun Malam Inuwa ya motsa. Na cire tubalan, na ƙara fallen akori-kura ɗaya a kowane gefe, na juya notin gaba har dunƙulen hannuna ya shige sakayau. Tubalan kuma na miƙa wa Ila maƙeri, maƙwabcina, mai narka farin ƙarfe. Kafin Litinin sun zama ludaya huɗu. Motar ta tsaya ƙyam kamar zakara a kan danga, ina ta zagaya ta ina jin daɗi.

Laraba Malam Umaru ya dawo. Ya tsaya daga nesa ya dube ta. Ina jiran godiya, har na fara gyara murya. Ya zagaya gefen fasinja, ya buɗe ƙofa, ya zaro wani guntun karan dawa daga bayan kujera, ya kafa shi a ƙasa kusa da kujerar. Kujerar ta wuce kan karan da kusan taƙi guda. Sai ya nemi wata taya ya zauna, ya dafe kai.

Ya ce, "Wa ya ce ka taɓa?"

Ni kuma lokacin jinina a kusa yake. Na ce, "Af! Abin alheri ya zama laifi? Kyauta na yi maka, ko sisi ban ce ka ƙara ba. Motarka kwance take kamar mai zazzaɓi, na tashe ta."

Ya ce, "Mayar da ita yadda take."

Ta yaya? Tubalan sun zama ludaya, notin gaba ban san inda na same shi ba. Na gaya masa gaskiya. Na yi zaton zai zage ni, da ma ya zage ni ɗin da ya fi mini sauƙi. Sai ya juya karan nan a hannunsa, ya ce in zauna.

Mahaifinsa, Baffa Sambo, makiyayi ne da ya yi ƙuruciyarsa yana bin shanu a ƙafa har kudu. Shekara biyu ke nan ƙafafunsa suka mutu. Yanzu wani gyambo ya fito masa a ƙugu yana ci, malamin shan magani na Gwaram ya ce in ba a kai shi babban asibiti a nan Birnin Kudu ba kafin ruwa ya sauka ya yanke hanya, to sai dai haƙuri. Tsohon bai ƙi asibiti ba. Abin da ya ƙi shi ne a ɗauke shi. Ya rantse a gaban 'ya'yansa da surukansa cewa ranar da hannun mutum zai ɗaga shi daga ƙasa, ranar makara ce. Da hannuwansa yake jan jiki daga ɗaki zuwa zaure, da su yake hawa gadonsa na kara, ba mai taimaka masa, ba ma mai kallonsa in yana yi. Karan dawan nan tsayin gadon ne. Malam Umaru ya yawata da shi Kano da Jos yana gwada kujerun motoci, 'yan kasuwa suna yi masa kallon taɓaɓɓe, har ya faɗo kan wannan. Ita kaɗai ce kujerarta ta zo daidai da kan karan.

Kunya ta kama ni, irin wadda ban taɓa ji ba. Garin neman gira na tsone ido. Amma bakina bai daina ba da shawara ba. Na ce, "To a samo akori-kura mana, a haƙa rami a ƙofar gida ta shiga ciki, bayanta ya zo daidai da ƙasa."

Ya dube ni ya ce, "Ka taɓa ganin an haƙa rami a ƙofar mara lafiya?"

Na ce, "Astagfirullah. To a tara ƙasa a yi tudu ya hau."

Ya ce, "Haka muke lodin shanu. Shi ya koya mini."

Can sai makaniken da ke cikina ya farka. Na ce, "Malam, tsaya. Ko da ban taɓa ta ba, ta yaya za ta kai Sara? A kan hanyar Jos ma salansa ta cire. Daga Gwaram zuwa garinku manyan motoci sun cinye gefe biyu sun bar doro a tsakiya. Tukunyar baƙin man da ke ƙarƙashin injin za ta fara daka, ta fashe, ku kwana a daji kai da tsoho." Ya ce ya yi niyyar bi a hankali, taya ɗaya a kan doron. Na ce a faɗa dai. Shi ya auna gado ya manta hanya, ni na tuna hanya ban san da gado ba. Abin da ake bukata mota ɗaya ce mai tsayi biyu: ta tashi ta bi hanya, ta kwanta a ƙofar gida, ta sake tashi. Na ce ya ba ni kwana bakwai. Ya ɗaga kai ya dubi gabas, inda hadari ya fara haɗuwa da yamma, ya ce, "Biyar."

Washegari na hau motar kasuwa zuwa Gwaram da katako ɗaya da keken aro. Duk inda na ga doro ya yi tsini, sai in sauka, in tsuguna, in gitta katakon, in auna yadda doron ya fi wurin taya tsayi, in yi tsaga a jikin sanda. Mutane suka fara bina. Wani ya ce ai ma'aikacin hanya ne, za a zuba kwalta. Kafin in ankara mai unguwar wani ƙauye ya aiko mini da fura da nono, har da kaza. Na ce ni makanike ne, suka ce haka manyan suke, ba sa son a gane su. Furar dai na sha, kazar na mayar. Wuri mafi muni yana gab da wata fadama, inda gingimari ta taɓa kafewa. Lissafina ya nuna sai an ƙara yatsu huɗu a kan tsayin karan kafin motar ta wuce nan da mutum biyu a ciki.

Aikin kansa a rumfar awon gyaɗa na yi shi, don ita kaɗai ke da daɓen siminti shimfiɗaɗɗe a garin, kuma tun shekarar fari ba abin da ake aunawa a ciki. Ku ji da kyau: ba a auna tsayin mota a ƙasa mai gangare, ƙarya za ta yi maka. Na ɗora kwanon ruwa a kan shasi, in ruwan ya karkata na san gefe ɗaya ya fi. Kuma ba a auna mota wofi. Mota da mutum a ciki wata mota ce daban. Na zaunar da Malam Umaru a mazaunin direba, na ce, "Baffa fa, nauyinsa ya kai buhun dawa?"

Ya dubi kujerar fasinja. Sannan ya ce, "Da ya fi buhu. Yanzu sa rabi."

Na sa rabin buhu a kujerar fasinja. Ban ƙara tambayarsa komai ba ranar.

Fallayen akori-kura na fara cirewa. Maimakon tubalan da suka tafi, na yanka guntayen tsohon sifirin gingimari, na jera uku-uku, Ila ya huda su da wuta. Shi ne kuma ya ƙera mini abin da ya ceci aikin. Kun san kunnen da ke riƙe wutsiyar sifirin da jikin mota, ƙarfe biyu da ƙusa a tsakani? Na ce ya yi mini dogaye, masu huda biyu, ta sama da ta ƙasa. In ƙusa tana wannan hudar, mota ta kwanta. In aka mayar da ita waccan, ta tashi. Farkon da muka yi na ba hudojin tazarar yatsu huɗu, na gwada, motar ta tashi da biyu kacal. Na zauna ina sosa ƙeya. Ashe tunda aksil a tsakiyar sifirin yake, duk abin da ka ƙara a wutsiya rabinsa ne ke isa taya. Wannan ba wanda ya koya mini, motar ce ta koya mini. Ila ya yi tsaki, ya ce ni da wannan ƙadangaruwar za mu ƙarar masa da gawayi, ya sake hura wuta.

Gaba kuwa alli na samo. Na ja layi a kan noti, na ja a jikin shasi, ina juyawa ina ƙirgawa da ƙarfi kamar ɗan makaranta. Nan ma sai da na sha wuya. In na sauke jak in auna, in ga daidai, Malam Umaru ya zagaya rumfar da ita ya dawo, sai in ga ta ƙara nutsewa da yatsa guda. Rabin wuni ina zargin karan, har na ce ko ya karye ne aka rage. Daga baya na gane mota in an sauke ta daga jak a sandare take tsayawa, sai an gangara da ita gaba da baya, an danna ta an saki, sannan take zama inda za ta zauna. A ƙarshe na samu lissafina: juyi goma sha ɗaya a gefen fasinja, sha ɗaya da rabi a gefen direba, don shi ya fi rabin buhu nauyi. Na rubuta a hannun rigata. Ran kwana na huɗu na iya sauke ta ko ɗaga ta cikin abin da bai kai rabin awa ba, da jak ɗinta na asali, wani ɗan siriri da ake zura wa a wata kafa ƙarƙashin ƙofa, ana juya hannunsa kamar injin taliya, ya ɗaga gefe guda gaba ɗaya.

Ran na biyar bayan sallar asuba muka kama hanya, motar a ɗage. An yi yayyafi a daren, ƙasa tana ƙamshi. A fadamar nan na sauka na kwanta a gefe ina leƙe, yana tafiya kamar mai tsoron taka ƙwai. Doron ya shafi ciyawar da ta maƙale a cikinta, bai taɓa ƙarfe ba. Na ce alhamdulillahi.

A bakin gari akwai wata tsamiya. Nan muka tsaya na sauke ta, muka gangara da ita, muka danna, muka kafa kara. Daidai. Daga tsamiyar zuwa gidan ƙannen Malam Umaru sun bi da fartanya sun baje hanya tun jiya. Ya kai ta har bakin zaure, ƙofar fasinja tana kallon ƙofar gida, ya kashe, ya buɗe, ya ja da baya. Maza sun taru, amma kowa ya koma can wajen turken shanu ya ba da baya, wai suna duba wani maraƙi. Ni ma na tsuguna a bayan motar ina taɓa taya da ba abin da ya same ta.

Sai na ji jan buzu a ƙasa. Na saci kallo, ashe Baffa ne ke jan jiki a kansa. Tsoho ne fari, siriri, da rawani tsaf, ƙafafunsa na biye da shi kamar ba nasa ba, amma damatsansa, tabɗi, igiyar rijiya ke nan. Ya iso bakin motar ya tsaya yana huci. Ya dube ta daga hanci zuwa wutsiya.

Ya ce, "Ita ce motar?"

Malam Umaru ya ce, "Ita ce, Baffa."

Ya ce, "Ina sauranta?"

Ba wanda ya yi dariya, amma na ga kafaɗun masu duba maraƙi suna rawa. Tsohon ya shafa kujerar, ya danna ta, ya gwada tsayinta da hannu. Ya juya baya, ya dafa dokin ƙofar motar da hannu ɗaya, kujerar da ɗaya, ya yunƙura. Ya taso, hannuwan suka gaza, ya koma ƙasa daɓas. Na ga ƙafar Malam Umaru ta motsa. Ban san lokacin da na damƙe masa bayan riga ba. Tsohon ya numfasa, ya yi bisimilla, ya sake. Wannan karon ya hau. Ya kamo ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya ya shigar, ya gyara rawani, ya ja ƙofa ya rufe da kansa. Wallahi sai da na ji ƙwalla.

Saura abu ɗaya, wanda muka kwana biyar muna kauce wa zancensa. Dole a ɗaga motar a gindin tsamiya, kuma tsohon yana ciki. In ya sauka, ba lalle ya iya sake hawa ba, balle bayan ta tashi. Malam Umaru ya ce za mu ce masa taya ake dubawa. Na bi su a ƙafa da akwatina. Ya tsaya a inuwa, na zagaya gefen tsohon, na zura jak a kafarsa, na fara juyawa a hankali kamar ɓarawo. Juyi uku, gefen ya fara tashi.

"Tsaya."

Na tsaya cak.

"Wa ke ɗaga ni?"

Malam Umaru ya ce, "Baffa, taya ce ake..."

"Ba da kai nake ba." Ya leƙo ta saman ƙofa, idonsa a kaina. "Kai, ɗan nan. Mutum ne ke ɗaga ni ko ba mutum ba?"

Hannuna yana kan jak, ƙarya ba ta da wurin tsayawa. Na ce, "Baffa, hannuna ne ke juyawa. In ba a ɗaga ta ba, ba za ta wuce fadama ba. In kuma ka ce a bari, a bari."

Ya kama marfin ƙofa, na ce shi ke nan, aikin kwana biyar ya tafi, tsoho zai koma ɗaki ya jira damina. Ya buɗe ƙofar, amma bai sauko ba. Ya sunkuyo yana kallon jak ɗin, ya daɗe, irin kallon da ni ma na yi wa notin gaba ran farko.

Ya ce, "Wannan ɗan ƙarfen ne zai ɗauki mota da mutum?"

Na ce, "Shi ne."

"Me ke cikinsa?"

Na ce, "Zare ne irin na noti, Baffa. Kowane juyi yana hawa kaɗan."

Ya ce, "Cire hannunka."

Na cire. Ya miƙo dogon hannun nan nasa ya kama hannun jak, ya juya baya sai da motar ta koma inda take, ya share juyina uku. Sannan ya fara nasa. Yana juyawa yana tashi, yana juyawa yana tashi, gumi na bin gemunsa, yana kallon ƙasa tana nisa da shi, har ya yi wata 'yar dariya. Da taya ta bar ƙasa na ce ya isa. Na tura kututture, na shiga ƙarƙashi, na mayar da ƙusa huda ta biyu, na ƙirga juyi sha ɗaya a notin gaba. Shi ya sauke da kansa.

Na zare jak na zagaya gefen direba, na tsaya ina jiran izini, don wannan hannunsa ba zai kai ba. Malam Umaru yana riƙe da sitiyari, ya kasa ɗaga kai. Tsohon ya dube shi ta gefen ido. Ɗan fari ne, ba ya kiran sunansa.

Ya ce, "Wancan gefen na yaron nan ne. Shi na sha ɗaukarsa. Ɗaga."

Na ɗaga. Kafin azahar suna asibiti, ruwa kuma ya sauka a daren Juma'a ya rufe fadamar har kaka.